Kwana 17 a kwance: yadda muka yi da albashin Auta a gidan mai

Ɗan Addata ne, shi ne autanta, don haka Auta zan kira shi a nan, gidan man da yake aiki ma ba zan kama suna ba, duk wanda ya taɓa fita daga cikin Gombe ta hanyar Bauchi ya san a jere suke. Shekararshi 22, yana aji uku a jami'a nan cikin gari, babanshi ya rasu tun yana sakandare, Adda kuma ɗinki take da ɗan saide-saiden cikin gida a Bolari, to kun dai san yadda rajista ta koma yanzu, dole yaro ya nemi abin yi. Ni kuma aikina lissafin albashi ne a wani kamfani mai zaman kanshi, shekara tara kenan, ba lauya bane ni, amma dai takardun nan na ƙwadago sun sha wucewa ta teburina shi yasa maganar ta faɗo kaina.

Aikin nashi zuba mai ne. Yana karɓar famfo ƙarfe 4 na yamma bayan ya fito lakca, ya miƙa 10 na dare, kwana shida a sati, Juma'a ce kawai tashi. Awa 36 kenan. Albashi 30,000 a wata, amma a littafin manaja an raba shi biyu, 25,000 albashi, 5,000 kuɗin mashin, ku riƙe wannan don zai dawo. Wata 14 yana yi, babu takardar ɗaukar aiki ko ɗaya, abin da aka cike kawai fom ɗin garanto ne, wanda wani dattijo abokin marigayi babanshi ya sa wa hannu. Tsarin gidan mai kuma kowa ya sani, a karanta mita lokacin da ka karɓa, a karanta lokacin da za ka miƙa, abin da bai cika ba daga aljihunka ne, shi ne shotej.

Cikin Satumba ƙarshen damina ya fara ciwon kai, da yamma jiki ya ɗau zafi, da safe ya ɗan sake shi, shi dai cewa yake maleriya ce ya sha farasitamol ya fita. Ranar da abin ya kayar da shi wani abokin aikinshi ne ya ba ni labari, wai yana cikin zuba wa mai keke mai sai ya saki kan famfon ya je ya zauna kan jan bokitin yashin nan da ake ajiyewa saboda gobara, ya kifa kai a gwiwa, ana ta hon ba ya ji. Daren nan da aka yi lissafi 2,800 babu, bai ma san inda suka bi ba, ko canji ya bayar sau biyu ko wani ne ya ja mashin ya gudu, Allah masani.

Washegari bai iya tashi ba. Abu ɗaya da ya yi mai kyau, ya tura wa manaja saƙo ta WhatsApp yace “Oga ina kwana, ba ni da lafiya yau ba zan samu fitowa ba”, shi kuma ya amsa “Allah ya ƙara sauƙi”. Sai kuma kuskuren da kusan dukkanmu muke yi, aka kai shi kemis ɗin bakin layi. Kwana huɗu ana allura, an sa mishi ruwa leda biyu a kan benci bayan labule, 14,000 ta tafi, Adda sai da ta roƙi uwar adashe aka ba ta kwasa ba zagayenta ba, jiki kuma ƙara rikicewa yake. A rana ta biyar ne aka kira ni, na zo na tarar da shi leɓe duk ya bushe idanu sun faɗa, nace Adda wannan yaron ba ɗalibi bane, ina katinshi na kilinik ɗin makaranta? Shiru. Ashe shekara uku yana biyan kuɗin lafiya cikin rajista bai taɓa zuwa ya buɗe fayil ba. Ranar muka je, likita ya duba aka ɗebi jini, aka tura mu babban asibiti, taifot ce ta haɗu da maleriya, aka ba shi gado kwana biyar, da aka sallame shi likita ya rubuta ya ƙara hutawa a gida. In ka ƙirga ranakun aiki kawai, takardar likita ta rufe kwana 13, ga huɗun kemis da babu takardar komai, jimla 17.

Ƙarshen wata alat ya shigo, 7,600. Manaja ya lissafa kwana tara da ya yi aiki 10,400, ya cire shotej 2,800, famfon kuma an riga an ba wani. Da Auta ya kira shi sai yace ai shi fatayim ne, wato mai rabin rana, kuma ɗalibi, taimakonshi ma ake da aka ɗauke shi, ranar da ba ka zo ba babu kuɗinka. Ya kira ni muryar nan a sanyaye yace “Kawu wai da gaske ne ba ni da haƙƙin komai tunda ni ɗalibi ne?”

Ba gaskiya bane, kuma wannan maganar ta “ɗalibi ne” ita ce ta sa na zauna rubuta wannan ɗin, don na ji ta a bakin masu shago da masu gidan burodi da masu makarantun kuɗi har na gaji. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda aka yi tun zamanin soja a shekarun 1970 aka sake tattara ta cikin kundin dokokin 2004, sashe na 16 cewa ya yi ma'aikaci yana da haƙƙin a biya shi albashin har kwana 12 na aiki a cikin shekara ɗaya, daga Janairu zuwa Disamba, in rashin lafiya ta ɗan lokaci ta hana shi zuwa, matuƙar likita mai rajista ya tabbatar. Waye ma'aikaci kuma? Sashe na 91 ya fassara, duk wanda ya yi yarjejeniyar aiki da wani, ko aikin ƙarfi ko na rubuce-rubuce, ko a rubuce aka yi yarjejeniyar ko da baki. Waɗanda aka cire su ne masu aikin shugabanci da gudanarwa da ƙwararru irin su injiniya da akanta, da iyalan mai wurin, da wasu ƴan kaɗan, su nasu yana cikin takardar aikinsu ne. Babu inda aka ce ban da ɗalibi, babu inda aka ce ban da mai rabin rana, ba a ma ce sai ka yi wata kaza kafin ka cancanta ba. Abin dariyar ma shi ne in za a bi fassarar nan tsaf, shi manajan ne ya fi kusa da faɗawa waje, yaron da ke riƙe da famfo shi aka rubuta wa dokar.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda aka mayar 70,000 a watan Yulin 2024, ita kam ta cire masu aikin fatayim, wato ƙasa da awa 40 a sati, ta kuma cire wurin da ma'aikatanshi ba su kai 25 ba. To Auta awa 36 yake yi, gidan man kuma ko mutum 15 babu, saboda haka 30,000 ɗinshi duk ƙanƙantarta ba a karya waccan dokar ba. Sai mutane suka ɗauki wannan togaciyar suka yafa wa komai, alhali dokoki biyu ne daban, kowacce da waɗanda ta ɗauka.

Amma fa sashe na 16 yana da sharuɗɗa, kuma nan ne ake zamewa. Na farko takardar likita, likita na gaske mai rajista, mai kemis ko ya shekara 30 yana allura takardarshi ba ta shiga, shi yasa kwana huɗun farko suka tafi a banza, an yi asarar 14,000 an kuma yi asarar shaida. Na biyu yarjejeniyar aikin ta kasance tana nan ba a raba gari ba, kuma kai a shirye kake ka yi aiki ciwon ne kawai ya hana ka, to nan ne ɗan saƙon WhatsApp ɗin ya yi rana, don da bai tura ba cewa za a yi gudu ya yi ya bar aiki, amma ga “Allah ya ƙara sauƙi” da hannun manaja, na sa shi ya ɗauki hoton allon wayar ya turo min tun kafin a goge. Na uku in mai wurin ya so, yana da damar ya ce likitan da shi ya zaɓa ya sake duba ka, kuma in ka ƙi ka rasa kuɗin jinyar.

Lissafin kuɗin ma da ɗan tarko. Sashe na 19 yace wajen kuɗin jinya da na hutu tsabar albashi kawai ake dubawa, ban da obataim ban da alawus, wato 5,000 ɗin mashin ta fita, 25,000 za a raba. Ni da 26 na raba yadda muke yi a wurin aikinmu, ya ba ni kusan 960 a rana, sau 12 ya kama 11,500 da ƴan kai. Wannan shi ne iyakar abin da sashen ya ba shi, ko da takardar likitan ta rufe 13 ɗin nan 12 ne iyaka. Daga nan kuma sai Allah, don a ƙasar nan babu wani asusun gwamnati da zai ci gaba da biyan ma'aikacin kamfani ko na shago in ciwon gida ya kwantar da shi wata biyu, ma'aikatan gwamnati ne ke da nasu tsarin da ya fi wannan tsawo. Wani abokin Auta da ke mastas a Jamus har ya turo mishi murya yana cewa su can ɗalibi mai aiki in ya kai sati huɗu a wurin, sati shida ake biyanshi cikakken albashi in ya kwanta, nace mishi ka gaishe shi, mu nan kwana 12 ɗin ma sai mun je da dattijo.

Saura kwana biyar da babu mai biya, sai na tuna hutun shekara. Sashe na 18 ya ba duk wanda ya cika wata 12 yana aiki a jere aƙalla kwana shida na hutu da albashinshi, Auta wata 14 bai taɓa ɗauka ba, bai ma san da shi ba. To nace za mu roƙa a lissafa biyar ɗin nan cikin hutunshi, 4,800 kenan. Shotej ɗin kuma sashe na 5 bai yarda mai wuri ya yanki albashi haka kawai ba, in asara ce sai ta kasance ganganci ko sakacin ma'aikaci ne ya jawo, kuma sai jami'in ƙwadago ya amince tukuna. Wanda jiri ya ɗiba ba sakaci ya yi ba, amma na sani a raina wannan ita ce mafi wahalar karɓowa, duk gidajen mai a kan yankan shotej suke tafiya. Jimlar abin da na rubuta a takarda 19,100.

Akwai wanda ya ba Adda shawara wai a nemi diyya tunda ƙaurin fetur ne ya kayar da shi. Na duba wannan ma. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke riƙe da asusunta, ita kam a fili ta ambaci mai fatayim da na wucin gadi da ɗan koyo da lebura, mai wurin ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, ba a cire ko kwabo a na ma'aikaci. Sai dai ita ta rauni ce ko cutar da aikin ya jawo, ko hatsari a hanyarka tsakanin gida da wurin aiki, kuma ana so ka sanar da mai wurin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7. Da a ce mashin ne ya zubar da shi daren da ya taso, ko wuta ta kama a famfo, to da nan za mu dosa. Taifot kuwa daga ruwa ko abinci take, likita ma haka ya rubuta, wannan ƙofar ba tamu bace. Da na tambayi manaja daga baya ko suna zuba kuɗin NSITF ɗin, kallona kawai ya yi kamar na yi mishi wani yare.

Abin da ya fi ceton aljihun Adda ma ba albashin bane, inshorar ɗalibai ce, TISHIP, wadda ke ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa NHIA, ita ce ƴar kuɗin da ake cusawa cikin rajista ɗalibai ba sa ko kallo. Ita ba ta biyanka kuɗin ranakun da ka rasa, magani da gwaji da gado take ɗauka, kuma sai ka fara ta kilinik ɗin makaranta su ne za su tura ka gaba in abin ya fi ƙarfinsu, in ka tsallake ka kai kanka wani wuri da kuɗinka za ka biya. Kwana biyar a gado abin da ya fita daga hannunmu bai kai na kwana huɗun kemis ba, wasu magunguna ne kawai da babu muka saya a waje, sai abinci da zirga-zirga. Ita Adda da ba ɗaliba ba na ce mata ta je ta yi rajistar GoHealth, inshorar lafiya ta jiha, har yau tana ce min sai an kwashi adashe.

Ɓangaren makaranta bai ba mu wahala sosai ba, ya rasa tes biyu, aka kai rahoton asibiti kilinik suka buga hatimi, ya rubuta wasiƙa ta hannun kodinetan ajinsu zuwa shugaban sashe, malami ɗaya ya sake mishi tes, ɗayan yace a haɗa da jarabawa. Takardar likitan nan dai guda ɗaya ita ta yi aiki nan ta yi can, na sa an yi mata fotokwafi biyar.

Wurin manaja na fara zuwa, da takardata da lissafina, ya karanta sama-sama yace shi ba shi da ikon fitar da kuɗin da ba a yi aikinshi ba, in ga Alhaji mai gidan man. To Alhaji ba a zuwa mishi da sashe na kaza a baki, wannan ko yaro ya sani. Sai na je na ɗauko Baffa, dattijon nan da ya tsaya garanto, muka samu Alhaji a ƙofar gidanshi bayan la'asar kan darduma, ana ta kawo mishi gaisuwa, aka kawo mana ruwa da dabino, Baffa ya yi kusan minti 20 yana zancen marigayi da yadda suka yi fataucin hatsi tare kafin ya ce “Alhaji maraya ne ya kwanta, ga kawunshi ya zo da bayani”. Nace ranka ya daɗe ba ƙara muka kawo ba, na miƙa takardar likita a sama, lissafin a ƙasa. Ya sa tabarau ya daɗe a kan ta likitan, da ya zo kan lissafin ya ga na rubuta sunan doka sai ya ɗago ya kalle ni yace “Malam, doka za ka karanta min a ƙofar gidana?” Baffa ya yi dariya yace ai ɗan boko ne, ko gaisuwa sai ya rubuta.

Abin da aka tashi da shi, ya ciro 12,000 a aljihun gaba ya ba Baffa, ba ni ba, yace a ba yaro ya sha magani. Bai kira shi albashin jinya ba kuma ban matsa ya kira ba, ya ma ɗara lissafin kwana 12 ɗin da ɗari biyar. Maganar hutu yace wane hutu kuma, ba duk Juma'a yana gida ba? Shotej yace wannan tsakaninshi da manaja ne, in ya yafe wa ɗaya gobe kowa jiri zai ɗebe shi. Aiki kuma yace ya dawo in ya ji ƙarfi, za a nema mishi wuri.

Na san wani zai ce saura 7,100 fa, me ya hana ku zuwa ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiha, ai suna kiran ɓangare biyu su sasanta, in ta ƙi ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Hanyar tana nan kuma na gaya wa Auta ya sani. Amma ni na karanta har sashe na 11, wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba notis ɗin sati ɗaya ne kawai tsakaninshi da sallama, ko a ba shi kuɗin satin a ce Allah ya haɗa kowa da rabonshi, kuma sashe na 16 bai ce dole a ajiye maka famfonka ba. Wato za mu iya cin 7,100 mu rasa 30,000 duk wata, ga rajistar aji huɗu tana tafe, ga sunan Baffa a kan fom. Ban ji daɗin barin ta ba wallahi, musamman ta hutun don wannan haƙƙi ne tsagwaronshi, amma na bari. Ko daidai na yi ko tsoro ne, har yanzu in na tuna ina juya ta.

Bayan sati biyu ya koma, aka sa shi a famfon dizal can gefe inda manyan motoci ke tsayawa, awanni ɗaya albashi ɗaya, shi ma yace ya fi mishi don yana samun zama ya duba handawut. Cikin Nuwamba wata yarinya da ke karɓar kuɗin POS a wurin, ƴar kwalejin ilimi, zazzaɓi ya kama ta, Auta yace mata kar ta kuskura ta je kemis, ta tafi kilinik ɗinsu ta karɓo takarda ta tura hotonta tun ranar farko, ƙarshen wata manaja ya biya ta kwana ukun cif, ya kuma ja ta gefe yace kar ta gaya wa sauran.

Abu ɗaya da na roƙa ranar a ƙofar gidan wanda ba kuɗi ba shi ne takardar sharuɗɗan aiki, wadda sashe na 7 yace a ba ma'aikaci kafin ya wuce wata uku, a rubuta albashi da awanni da notis da yadda za a yi in ya kwanta ciwo. Alhaji yace ba damuwa manaja zai buga. Na tambaya a Oktoba aka ce firinta ba tawada, na tambaya a Disamba aka ce Alhaji ya tafi Umara sai ya dawo zai sa hannu. Ya dawo, har dabino da zamzam an aiko wa Baffa, jiya na sake ce wa Auta ya tuna wa manaja, yace Kawu don Allah ka bari sai na gama jarabawa.